Wayar da Ba a Yanke Ba

A bakin motar mai kifi maganar ta fara, kafin rana ta take ta gama zagaye garin Ishimine. An ce Mai Dutse, iskan da ake bauta wa a gindin dutsen garin, ya karɓe itacensa. An ce Natsue, matar marigayi Shinpei, ita ce ta tsallake jar ƙofar wurin bauta tun ba ta cika kwana hamsin na makoki ba, ta taɓa ɗan itacen matsun da ke cikin kasko da hannun da ya taɓa gawa, shi ya sa aka wayi gari ranar Litinin babu shi babu kaskonsa. Masu ganin kansu ya waye kuwa cewa suka yi a'a, sayarwa ta yi wa dillalin nan na birnin Osaka, ai an ga motarsa. Ko wacce ka ɗauka, sunan Natsue ne a ƙarshenta.

Malama Iwase ta ji duka biyun tana tsaye tana duba idon kifi. Shekara talatin da takwas ta yi tana koyar da kimiyya a makarantar garin, rabin masu baza maganar ta taɓa tsayar da su a gaban allo. Kafin makaranta kuma akwai mahaifinta, maharbin aladen daji, wanda bai sami ɗa namiji ba sai ya koya mata karanta ƙasa. Yanzu shekarunta saba'in da huɗu, gwiwa ɗaya ta daina jin maganarta, amma har gobe in alade ya ɓata gona ita ake kira ta faɗi ta inda ya shigo. A iya saninta, duk abin da aka ce iska ya ɗauka, in ka sunkuya za ka tarar iskan da takalmi ya zo.

Itacen da ya ɓata bai wuce gwiwar mutum tsayi ba, amma babu kamarsa a garin. Babban matsun da ya tsaya a bayan wurin bauta tun zamanin kakanni, ciwo ya kashe shi shekara goma sha tara da suka wuce. Tsoho Rokuro, wanda babu mai ja da shi a aikin bonsai, wato renon ƙananan itatuwa a kasko, a duk kwarin, shi ya tsince 'ya'yansa na ƙarshe ya shuka, ɗaya tal ya rayu. Ya rene shi a kasko, miƙaƙƙe sak, yana rage masa allurai, wato siraran ganyensa, yana kwantar da rassansa da wayar jan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, yana cewa sai nan da shekara ashirin zai fara zama itace. Babu hannun da aka yarda ya taɓa shi sai nasa.

Ga shi damina ta ƙi sauka, in ban da ɗan yayyafin ranar Lahadi. Ga wani ya faɗo daga tsani ya karya hannu. Bunta, shugaban ƙungiyar masu bonsai, ya kira taro ranar Alhamis da ƙarfe huɗu, za a rufe bututun da ke kai wa Natsue ruwa daga tafkin gari. Kasko ɗari uku Shinpei ya bar mata. A zafin Yuni matsun cikin kasko sau biyu yake sha a yini. Kwana biyu babu ruwa ya isa.

Malama ta kai kifinta gida, ta ɗauki sandarta.

* * *

Farfajiyar wurin bauta ta sha tattaki, kowa ya zo ya ga inda babu komai. Ba ta ɓata lokacinta a nan ba. Ta dawo waje, gefen jar ƙofar, inda ƙasa ke da laushi a ƙarƙashin inuwa. Nan ta ga sawun takalmin roba, ƙaramar ƙafa, ɗaya kan ɗaya, na jiya a kan na shekaranjiya a kan na makon jiya. Duk suna fuskantar ciki. Duk sun tsaya taku ɗaya kafin ƙofar.

Ta zagaya baya, inda 'yar siririyar hanya ke hawa dutse. An share bakin hanyar da tsintsiyar gora, shara mai kyau, layi-layi, irin ta wanda ya saba share gaban gida.

"Malama, don girman shekarunki ki fito daga nan."

Bunta ne, tsohon ɗalibinta, hularsa a hannu, yana tsaye can nesa kamar ƙasar za ta cije shi.

"Bunta. Har yanzu kana tsoron aljanun bayan aji?"

"Ba wasa ba ne. Ruwa ya ƙi zuwa. Hannun Yasu ya karye. Jiya karena ya yi ta kuka yana kallon dutsen nan."

"Yasu ya hau tsani da kwalba biyu a cikinsa, ni na gan shi. Karenka kuwa tun da aka haife shi yake kuka. Wa ya share nan?"

"Ban sani ba." Ta lura tsoron nasa na gaske ne, ba na ƙarya ba. "Malama, in ba mu nuna masa mun raba kanmu da ita ba, kanmu zai juyo. In kuma ke ba ki yarda da wannan ba, je ki duba gefen titi. Ga sawun tayar Ogura dillali nan."

"Wato ko Mai Dutse ne ya ɗauka, ko mota ce ta ɗauka, Natsue dai za a rufe wa ruwa."

Ya sa hularsa ya juya, yana sauri kamar ana bin sa.

* * *

Ogura dillali bai bar gari ba. Ranar Talata ta same shi a shagon taliya yana zuƙar kwano na biyu, gumi na sauka a wuyansa.

"Ni? Haba Mama." Ya ajiye tsinken cin abincinsa. "In ɗauka in kai wa wa? Itacen da hotonsa ke cikin kowace kalandar gundumar nan? Kuma ɗanye ne shar, ɓawonsa bai fara tsagewa ba. Ɓarawon da ya san aikinsa, lambun Bunta zai shiga."

"Me ya kai motarka can?"

"Inuwa. Nan kaɗai ake samun inuwa a garinku. Na ajiye ta ranar Asabar na sauka da ƙafa."

Gaskiya ya faɗa, ta riga ta gani. Yayyafin Lahadi ya huda sawun tayar da ɗigo-ɗigo, wato motar ta tafi kafin a taɓa itacen.

"Amma kin san me?" Ya rage murya. "Tun jiya babu mai amsa gaisuwata. Mai masauki ta ajiye mini jakata a waje. Ni dama garin nan ya fara ba ni tsoro. Shekara ashirin ina sayen itace a hannun Tsoho Rokuro, muna shan shayi muna musu. Bara da bana, a bakin ƙofa matarsa ke tare ni. Wai yana hutawa. Na ce ko na yi masa laifi ne."

"Kada ka tafi kafin Alhamis," in ji Malama. "Ina iya bukatar bayanka."

"Bayana?"

"Kana da shi, ko?"

* * *

A ƙofar gidan Natsue an tara gishiri tsibi biyu, dama da hagu, irin wanda ake zubawa bayan an fita da gawa. Malama ta tsallake ta shiga.

Ta tarar da ita a tsugune a bakin famfo, ta zare matsu uku daga kaskonsu tana wanke saiwoyinsu, hannunta ya yi fari don sanyin ruwa. Wani ya leƙo ta katanga ya watsa gishirin har cikin kasake.

"Waɗannan ukun ba za su yi rai ba," in ji Natsue ba tare da ta ɗago ba. "Na sani. Wankewa kawai nake yi."

Shekara ashirin da shida ke nan da Shinpei ya auro ta daga wani tsibirin masunta. Ta koyi aikin har ta fi shi iya waya, amma a bakin mutanen Ishimine har yau 'yar tsibiri ce.

"Kin je wurin bauta?"

"Kullum da safe. Daga waje nake tsayawa, Malama, na rantse. Shinpei ne ya saba biyawa ta can ya gaishe da itacen, sai na ga kamar in na daina..."

"Na ga sawunki. Ba ki shiga ba. Me kika gani daga wajen?"

Hannun Natsue ya tsaya cak a cikin ruwan.

"Rana ce ta haska shi, ranar Alhamis da ta wuce. Na ga abu yana ƙyalli a jikin gangar. Wayar da aka ɗaura masa da kaka don saman ya miƙe, tana nan ba a cire ba."

"A Yuni?"

"A Yuni."

Malama ba mai bonsai ba ce, amma ba a girma a Ishimine a rasa sanin wannan. Matashin matsu da bazara yake kumbura. Wayar da ta wuce lokacinta nutsewa take yi cikin ɓawo, a kan miƙaƙƙen itace kuwa babu lanƙwasar da za ta ɓoye tabon.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba zan sa sunan kowa a bakina ba."

"Jibi za su rufe miki ruwa."

"In na faɗa ma wa zai yarda? Sai a ce 'yar tsibiri ta sata, ta kuma dawo tana ɓata sunan manya." Ta ɗago, idanunta jawur. "Jiya an jefo dutse a rufina sau uku. Malama, ki tafi kafin a gan ki a nan."

* * *

Ranar Laraba da sassafe ta hau dutse.

Mai sharar taku arba'in ya share, ya gaji ko ya ga ya isa. Daga nan ƙasa ta fara magana. Ƙaramar ƙafa, gajeren taku, ramin sanda a gefen dama. Sawun hawa ya nutse sosai, na saukowa bai nutse ba. A kan wani faffaɗan dutse gansakuka ta murje, zagaye, daidai gindin kwandon goyo. Taku ɗari a gaba, wani dutsen, wani zagayen. Malama ta san duwatsun nan. Nan mata ke sauke kaya su huta a zamanin da ake hawa ɗebo itacen wuta. Ita ma ta zauna a kansu tana yarinya.

Sai ta ga wani sawun a kan na farkon, na jiya, da wani na yau, gefensa bai ko bushe ba.

Ta tsaya. Dajin gora ya yi tsit, ko tsuntsu babu. Wari ne ya fara zuwa mata, warin da ba ta manta ba tun tana bin mahaifinta. A gefen hanya an tone ƙasa sabo, ga ƙananan kofatai birjik a bayan manya. Uwa ce da 'ya'ya. Gora ta motsa a hagunta, ta ji huci, ƙasa-ƙasa, kusa. Ba ta juya kai ba. Ta san in ta gudu gwiwar ba za ta kai ta taku biyar ba, kuma babu wanda ya san ta hau. Ta tsaya tana jin bugun zuciyarta a cikin kunnuwanta, tana ƙirga numfashi, har hucin ya yi nisa, ƙananan ƙafafu suka bi shi suna ƙaraf-ƙaraf. Sannan ta ci gaba da hawa.

Hanyar ta ƙare a tsohuwar bukkar masu gawayi. A bayanta, inda ranar safe ke sauka, an jera duwatsu uku an ɗora kaskon. Itacen na nan da ransa. Ƙasarsa jiƙe take, ruwa na ɗiga daga gindin kaskon.

Ta tsuguna. Tabon ya naɗe gangar daga ƙasa har sama kamar sawun maciji, ja, yana tsiyayar ƙaro. Ta ƙirga: zagaye goma sha ɗaya. An shafa masa maganin rauni da yatsa, a hankali, da tausayi. Wani ƙaramin reshe na gefen hagu ya tsage daga gindinsa, an ɗaure shi da zare. Gefen raunin kuma ɓawon ya ɗago ta fuska ɗaya, kamar an ja abu an fizge.

Ta duba ƙasa. Ta rarrafa ta zagaye duwatsun, ta ɗaga busassun ganye ɗaya-ɗaya, ta leƙa cikin bukkar. Babu gutsuren waya ko ɗaya.

Wani reshe ya karye a sama da bukkar. Ba alade ba ne, alade ba ya tsayawa bayan ya taka abu. Malama ta miƙe a hankali, ta karkaɗe zaninta, ba ta kalli wajen ba. Duk tsawon saukowa tana jin ido a tsakiyar bayanta.

Samun itacen bai wanke Natsue ba, ta san wannan. Ƙaramar ƙafa gare ta ita ma. Cewa za a yi ta ɓoye shi ne kafin ƙura ta lafa.

* * *

Da yamma ta biya gidan Rokuro. Tsohon na zaune a baranda cikin tsabtatacciyar riga, almakashi a cinyarsa, bayansa a miƙe.

"Barka da yamma, Maigida."

"Barka kadai, barka kadai. An sha zafi. Ku shigo, ku shigo." Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai.

Matarsa Fusae tana bayan gida. Benci ɗaya suka zauna da Malama tun daga aji ɗaya. Ta tara karan shinkafa za ta hura wuta, ga tulin tsohuwar waya a gefenta. Aikin mata ne wannan tun da: a tattara wayar da aka cire, a miƙar da ita, a gasa a wutar kara ta yi laushi, maza su sake ɗaurawa. Matan yanzu sun daina, sabuwa ake saye. Fusae ba ta daina ba.

"Kiyo! Me ya fito da ke da wannan gurguwar ƙafar?" Ita kaɗai ke kiran Malama da sunanta na yanka.

"Na zo ganin ko kin mutu in gaji tukunyarki."

"Sai kin riga ni. Zauna, shayi na zuwa."

"Bar shayin. Miƙo in taya ki."

Ta zauna a kan kututture ta jawo tulin, tana ɗauka tana murzawa a kan gwiwa kamar yadda suka saba suna 'yan mata. Ƙasan wandon aikin Fusae akwai ƙaya irin wadda ba ta fitowa sai a saman dutse. Malama ta gani ta kau da kai. Ta huɗu, ta biyar, ta shida. Ta bakwai ta manne mata a tafin hannu.

Mai kauri ce, doguwa, ba a yanke ta ko'ina ba. An fara miƙar da ita amma lanƙwasar ba ta gama fita ba. Ta gefe ɗaya ƙaro ne ɗanye, da ɓarɓashin jan ɓawo.

Da ta ɗago, Fusae na kallonta. Lauje ne a hannunta, wanda take yanka karan da shi.

"Ajiye wannan, Kiyo."

"Ke ce a saman bukkar ɗazu."

"Ajiye. Wuta zan sa."

"Gobe da ƙarfe huɗu za su rufe wa Natsue ruwa."

"Za su huce. Mako ɗaya, biyu, za su buɗe mata."

"Kin fi ni sanin abin da mako ɗaya zai yi wa kasko ɗari uku."

Fusae ta matso taku ɗaya. Malama ba ta taɓa ganin fuskarta haka ba, a shekara kusan saba'in. Ba fushi ba ne. Irin fuskar uwar aladen nan ce, da ta ga fuskarta.

"Ba ki san abin da kike taɓawa ba."

"To gaya mini."

Daga baranda muryar tsohon ta taso, mai daɗi, yana gaishe da wani wanda ba ya nan. Malama ta naɗe wayar ta tura cikin hannun rigarta, ta dafa sanda ta miƙe. Dole ta juya wa laujen baya kafin ta kai ƙofa, taku goma sha biyu ne, ta ƙirga su duka.

* * *

Ɗakin taron ƙungiya yana bakin tafki. Ƙarfe huɗu bai yi ba ya cika, an cire takalma an zauna layi-layi a kan tabarma. Natsue na can kusa da ƙofa ita kaɗai, an bar fili tsakaninta da kowa. Rokuro na gaba a wurin girmamawa, Fusae a gefensa, kanta a ƙasa. A kan teburin da ke gaban Bunta an ajiye makullin bututu, dogon ƙarfe mai tsatsa.

Bunta ya buɗe baki ke nan sai ƙofa ta buɗe. Ogura ya shigo yana haki, laka har gwiwa, rungume da abu a lulluɓe.

"Mama, bayan nan kin gama da shi," ya ce, ya sauke a kan teburin.

Malama ta yaye zanin.

Wata mata ta yi ƙara. Na gaba suka ja da baya, wasu suka haɗa tafin hannu suna sunkuyawa. Sai idanu suka sauka a kan tabon, ɗakin ya ɗauki guna-guni.

"A bukkar masu gawayi yake," in ji Malama. "Da ƙafa aka kai shi, a kwandon goyo, an huta sau shida a hanya. Ban san Mai Dutse yana gajiya ba."

"To ita ta ɓoye shi!" wani ya ce daga baya. "Dubi yadda ta lalata shi!"

"Yasu, hannunka ne ya karye ko idonka? Wannan tabon na wata uku ne ko fi. Waya ce ta kwana a jikinsa tun kaka." Ta juya. "Bunta, in waya ta nutse a ɓawo haka, yaya ake cire ta?"

"Yankawa ake yi. Zagaye-zagaye, a ɗauke kowane guntu da kansa."

"Don me?"

"In ka warware za ka ɗaye ɓawon. Ka karya reshe."

"Yau ka ci jarrabawa. Natsue, ke fa?"

"Yankawa," ta ce, da kyar aka ji ta. "Shinpei ma haka ya koya mini."

"Akwai wanda zai warware a ɗakin nan?"

Babu wanda ya motsa.

"An warware wannan. Ga ɓawon ya ɗago, ga reshen da ya tsage. Na rarrafa a wurin nan kamar jaririya, babu guntu ko ɗaya. Wanda ya yi aikin yana son itacen, kullum yana hawa dutsen nan ya ba shi ruwa, ta gaban alade mai 'ya'ya. Amma hannunsa ba zai iya sa almakashi a jan ƙarfe mai kyau ba. Mu da muka tashi bayan yaƙi, in guntun waya ya faɗi a ƙasa sai an nemo shi kafin a ci abinci. Wanda aka yi wa wannan tarbiyya ba ya yankawa, kuma ba ya yarwa. Gida yake kaiwa."

Ta zaro wayar daga hannun rigarta ta ɗaga. Ƙaron ya kama haske.

"Lanƙwasa goma sha ɗaya. Ku ƙirga zagayen tabon. Natsue sabuwar waya take saye, kowa ya sani, kun sha yi mata gori a kai."

"A ina kika samo ta?" in ji Bunta.

Malama ta kalli Fusae. Ta jira. Fusae ba ta ɗago ba, yatsunta sun damƙe gefen rigar mijinta. Akwai tambaya ɗaya da ta rage, ta kwana tana neman hanyar da za ta kauce mata ba ta samu ba. Ta kalli makullin da ke kan tebur, ta kalli Natsue.

Ta durƙusa a gaban tsohon, gwiwar na ƙara.

"Maigida, dubi itacen nan. Yaushe ka ɗaura masa waya?"

Rokuro ya miƙa wuya. Ya daɗe yana kallo, daga saiwa har ƙoli, yana gyaɗa kai a hankali kamar yadda ya saba in ana gasa. Ya miƙa yatsa ya shafa alluran.

"Kyakkyawan itace," ya ce. "Sai dai an bar masa waya ta cije shi, kash. Na wane ne?"

A waje ana jin ruwan tafki na bugun bakin bututu. Bunta ya sa hannu ya janye makullin daga kan tebur, ya tura shi ƙarƙashin cinyarsa, bai kalli kowa ba.

Fusae ta saki rigar mijinta. Ta juya a kan gwiwoyinta har ta fuskanci ƙofa, inda Natsue take, ta kai goshinta tabarma. Da ta ɗago muryarta ba ta rawa.

"Ni na ɗauke shi. Natsue ce ta zo ta gaya mini a ɓoye cewa wayar na nan, don kada wani ya riga mu gani. Na je na duba, na goya shi na kai bukkar, na warware wayar da hannuna. Ba ta taɓa tsallake ƙofar ba. Na ga wanda ya watsa mata gishiri, na yi shiru. Kullum ni nake raka maigidana wurin bauta, amma hannunsa nake kallo kada ya yar da butar, ban kalli itacen ba. Mantawa ya yi. Shekara biyu ke nan ni nake aikin lambunmu. Tun sanyin bara bai san sunana ba."